Yadda Ake Zaɓen Gadar Waifai Don Kayan Gida Masu Ramin Kebul Kaɗai

Kawuna yana da shagon kayan masarufi a bakin gidansa a unguwar Nima, a Akara. Bara ya sa kyamarori huɗu, biyu a ciki biyu a waje, aka ajiye akwatin da ke naɗar hoton a ƙarƙashin kanta, kusa da buhunan sukari. Wanda ya ɗaura masa ya ce ko yana Makka zai iya kallon shagonsa a waya, in dai akwatin ya samu intanet. To intanet akwai a gidan, amma rautar, wato na'urar da ke watsa waifan gidan, tana sama a falon Hajiya, shi kuwa akwatin ba ya jin waifai, rami ɗaya gare shi a baya, na kebul. Sai Kawu ya aiki yaron shago Circle, wurin nan mai cunkoso da ake sayar da kayan waya, ya sayo abin nan da kowa ke kira busta. Bayan la'asar ya kira ni.

"Ɗana, zo ka duba mini abin nan. Fitilarsa na ci tun safe amma ban ga komai a waya ba."

Na zare shi daga soket na jujjuya. Fari ne, bai fi girman sabulun wanka ba, da 'yan kunnuwa biyu. Babu ko rami ɗaya a jikinsa.

"Kawu, ai wannan ba shi da inda za a soka kebul."

"To don me suka sayar mini?"

"Abin da aka tambaya suka bayar, Kawu."

Abin da Kawu yake bukata shi ake kira gada: na'ura ce da ke kama waifai daga iska kamar yadda wayarka ke kamawa, sannan ta fitar da shi ta kebul ta miƙa wa abin da ba ya iya kamawa da kansa. Busta aikinsa daban, yana kama waifai ne ya sake watsa waifai. Akwai na'urorin da ke yin duka biyun, daga nan rikicin yake, kuma mai shago ba zai tsaya yi maka karatu ba alhali ga mutum biyar a bayanka suna neman caja. Ga yadda nake bi duk lokacin da irin wannan aiki ya zo mini.

Fara da juya kayan ka duba bayansu

Ba kowane abu ne ke bukatar gada ba. In kwamfutar tebur ce, ɗan adaftan waifai na USB ya isa. TL-WN725N na TP-Link bai fi farcen babban yatsa ba, amma cikin zangunan da waifai ke bi, 2.4 GHz da 5 GHz, zangon 2.4 kaɗai yake kamawa. Archer T2U yana kama 2.4 da 5 duka. In kwamfutar tana ƙarƙashin teburin ƙarfe a jikin bango, ɗauki mai eriya, ko ka haɗa da guntun kebul na USB ka ɗago adaftan sama. Windows 10 da 11 galibi suna gane su da kansu. Mai tsohuwar Windows 7 ya sauke direban, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane adaftan, a waya tukuna, don kwamfutar da ba ta da intanet ba za ta iya nemo wa kanta ba.

Kada ka ɗauki wannan adaftan ka soka a talabijin ko dikoda. Su ba su da inda za a sa musu direba, sai irin wanda kamfaninsu ya yi musu, kuma samunsa aiki ne. Firintar da ramin USB kaɗai gare ta ita ma gada ba za ta yi mata komai ba.

Masu bukatar gada su ne masu ramin nan mai kusurwa huɗu da aka rubuta LAN a gefensa: akwatin kyamarori irin na Hikvision da Dahua, tsohuwar talabijin mai intanet, dikoda, firintar ofis, wayar tebur ta intanet. Akwai kuma waɗanda suna da waifai amma gurgu ne. PS4 ta farko, ta 2013, zangon 2.4 kaɗai take kamawa, sai Slim da Pro ne suka zo da 5. Yaran da ke kukan wasa na tsinkewa, sau da yawa gada mai zango biyu ce maganinsu.

Ƙirga kayan. In ɗaya ne, gada mai rami ɗaya ta wadatar. In talabijin da dikoda da na'urar wasa ne a kan teburi guda, za ka ƙara ɗan suwic mai rami biyar, wato akwatin da ke raba kebul ɗaya ga kaya da yawa, ko ka nemi gada mai ramuka da yawa.

Shin da gaske kebul ba zai kai ba?

Wannan tambayar mutane ba sa son jin ta, don sun riga sun sa rai da abin da babu waya. Amma babu gadar da ta kai kebul, kuma babu wadda ta kai shi araha. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana kai intanet har mita 100 bai rage komai ba. Bango bai dame shi ba, rautocin maƙwabta ba su dame shi ba, ba shi da kalmar sirrin da za a manta. Gidaje nawa ne a Nima ko Mamobi tsawonsu ya kai mita 100?

A shagunan Zongo Lane za a yanka maka tsawon da kake so a matse maka kawuna biyu. Auna da igiya tukuna, ka bi duk kwanar da kebul ɗin zai bi, ka ƙara mita uku. Sai dai ka kula da abu guda: kasuwa cike take da kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda akan rubuta CCA a kwalinsa. Karɓi reza ka kankare silin waya ɗaya. In cikin ya fito fari, alminiyam ne, yana karyewa da wuri kuma ba ya son nisa. In ja ne har ciki, shi ne na ƙwarai. Wanda zai bi waje a sa shi cikin bututun roba ko a sayi mai baƙar riga na waje, don ranar Akara tana cinye farar rigar nan ta farfashe. Kada a ɗaure shi tare da wayar wuta, kada kuma a rataya shi a sama daga rufi zuwa rufi, don tsawar damina in ta faɗo kusa, ta nan take bi ta ƙona ramin rauta da na talabijin a tare. Mai gidan haya ya hana huda bango? Akwai kebul mai faɗi siriri da ke wucewa ta tagogin nan masu jerin gilashi ko ta ƙarƙashin ƙofa.

In duk wannan bai yiwu ba, sai a koma gada. A gidan Kawu kebul zai kai sarai, mita ashirin da 'yan kai ne. Hajiya ce ta ce ba a yi wanda zai buga mata ƙusa a bangon da aka yi wa fenti kafin Sallah ba, maganar ta ƙare a nan.

Auna sigina a daidai inda gadar za ta zauna

Nan ne yawancin kuɗi ke salwanta. Gada ba ta ƙirƙirar sigina, abin da ya iso inda take shi za ta ɗauka. In ka kafa ta a lungun da wayarka ke nuna sanda ɗaya, to sanda ɗayan nan za ta tura wa talabijin ta kebul.

Sauke manhajar auna waifai a wayar Android, irin su WiFi Analyzer, ka je ka tsaya a wurin. Za ka ga lamba mai alamar ragi a gaba da dBm a baya. Ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi: daga -50 zuwa -60 lafiya lau, -67 ita ce iyakar da bidiyo ke tafiya ba gargada, in ta kai -75 wahala za ka sha, -80 kuwa kada ka ɓata kuɗinka. Mai iPhone ya buɗe fast.com a wurin, ya sake buɗewa kusa da rauta, ya kwatanta.

Yi awon bayan isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida yana kan waya, ba da hantsi ba. Yi shi kuma ƙofa a rufe. Wannan ya fi muhimmanci a shago, don ƙofar ƙarfe in an sauke ta sai ta tare sigina, kuma da dare ne aka fi son kyamara ta yi aiki. Bulo na cin sigina, dakalin siminti mai rodi tsakanin bene da ƙasa ya fi ci, kwanon rufi da firji suna mayar da ita baya, tankin ruwan roba in ya cika yana shanye ta.

Sannan ka tuna ba dole gadar ta zauna kusa da abin da za ta yi wa aiki ba. A shagon Kawu, ƙarƙashin kanta wayata ta nuna -78. Na hau kujera na ɗaga ta saman ƙofar baya mai fita tsakar gida, sai ga -61. Tsakanin wuraren biyu kebul na mita biyar ne. Da ban hau kujerar nan ba, da na ce masa sai an sayi kayan da suka ninka kuɗi.

Manhajar za ta nuna maka wani abu kuma: yawan waifan maƙwabta. A unguwa mai cunkoso irin tamu za ka ga sunaye sun cika allo, yawancinsu a zangon 2.4, wanda tashoshi uku kaɗai gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango, amma kamar Circle ne da yamma. Zangon 5 ya fi sarari da gudu, sai dai bango biyu sun isa su karya shi. In 5 ya iso wurin da ƙarfin -67 ko fiye, shi za ka bi. In bai iso ba, shiga rautar gida ka mayar da 2.4 kan wadda ta fi sauƙin cunkoso cikin tashoshin nan uku.

Wace iri za ka saya

Ga abu ɗaya ko biyu a ɗaki na kusa, 'yar ƙaramar rautar tafiya ce na fi so. TL-WR802N tana aiki a 2.4, TL-WR902AC tana da zango biyu, kuma dukansu suna da yanayin da aka rubuta "Client" a cikin saitinsu, wanda shi ne gada zalla: ta kama, ta miƙa ta kebul, ba ta watsa komai. Wutar USB suke ci, volt 5, don haka ko fawa banki zai riƙe su, wani lokaci ma ramin USB na bayan talabijin ya isa.

In kana son tsuntsu biyu da dutse ɗaya, wato akwati ya samu kebul, wayoyin ɗakin su ma su samu waifai, sai busta mai ramin LAN, irin su RE305 ko RE450. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Busta mai zango ɗaya da baki guda yake saurare kuma yake magana, don haka wayoyin da ke bayansa kusan rabin gudun suke samu. Mai zango biyu ya fi, don ana iya sa shi ya kama da ɗaya ya watsa da ɗayan.

Duba kuma cikin durowa. Tsohuwar rautar da aka ajiye tana iya zama gada in tana da "Client" ko "Range Extender" a jerin yanayinta. Na Asus suna kiran nasu "Media Bridge". Ribar ita ce ramuka huɗu a baya, ba sai ka sayi suwic ba. Rautocin da kamfanonin waya ke bayarwa galibi an toshe musu wannan. Masu son tone-tone suna sa wa tsohuwar rauta wata manhaja mai suna OpenWrt ta yi abin da kamfaninta bai yi niyya ba, amma ban ba wanda bai saba shawarar ya fara koyo da rautar da gida ya dogara da ita ba.

Gidan bene mai ɗakuna da yawa, inda matsalar ba ta abu ɗaya ba ce, tsarin mesh irin Deco ya fi dacewa. Ana sayar da su biyu ko uku a kwali, suna magana da junansu, kuma kowace tana da ramukan LAN a baya, ka ga kowace ta zama gada ke nan. Sun fi tsada, amma su ne mafi ƙarancin ciwon kai.

In kuwa tsallake titi ne, gida a nan shago a can, ko makarantar allo a bayan masallaci, to kayan cikin ɗaki ba za su yi ba. Sai na waje masu fuskantar juna, CPE210 a 2.4 ko CPE510 a 5, ko NanoStation na Ubiquiti. Biyu ake saya: ɗaya a gida a yanayin "Access Point", ɗaya a can a "Client". Wutarsu ta cikin kebul ɗin intanet take bi daga wani ɗan akwati da ke zuwa a kwalin, kuma TP-Link sun ce kada wannan kebul ya wuce mita 60. Sharaɗinsu su ga juna ido da ido. Bishiyar mangwaro ɗaya a tsakani in ta jiƙe da ruwan sama ta isa ta ɓata aiki. A yi musu kebul mai sulke a kuma haɗa su da ƙasa saboda tsawa. Abin lura a gefe: raba wa ɗakin ƙaninka daban, sayar wa unguwa daban. Sayar da intanet ga jama'a sana'a ce mai bukatar lasisin hukumar sadarwa ta Gana, NCA.

Saura adaftan da ke tura intanet ta wayar wutar gida, waɗanda ake rubuta wa AV600 ko AV1000. A takarda abin sha'awa ne, soka ɗaya kusa da rauta, ɗaya kusa da talabijin. A gidajenmu na haya, inda wannan ɗaki da mitarsa wancan da tasa, ga tsohon wayarin da aka yi ta ƙari a kai shekara da shekaru, sau da yawa ba sa ganin juna. Ba sa kuma aiki sosai ta cikin sitabilaiza ko doguwar soket, sai a bango kai tsaye. In ɗakunan biyu mita ɗaya suke sha kuma mai shago ya yarda ka dawo da su in ba su yi ba, gwada.

A gaban mai shago

Kada ka ce busta. Ce kana son na'ura mai ramin LAN da yanayin "Client", ka karɓi kwalin ka nemo kalmar da idonka. In ka ga "WISP" kaɗai, shi ma yana kama waifai ya fitar ta kebul, amma yana gina nasa gida ne a cikin gida, da nasa jerin lambobi. Talabijin ba ruwanta, za ta yi kallo, amma kwamfutar falo ba za ta ga firintar da ke bayansa ba.

Manyan lambobin gaban kwali na talla ne. AC750 jimillar 300 na zangon 2.4 ne da 433 na zangon 5, aka cika. AC1200 kuwa 300 ne da 867. Gada da zango ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma abin da ke isowa hannu bai cika wuce rabin abin da aka rubuta ba. Tun 2018 aka sauƙaƙa sunayen nau'o'in waifai: Wi-Fi 4 shi ne N na 2009, Wi-Fi 5 shi ne AC, Wi-Fi 6 shi ne AX. Sayen gada mai Wi-Fi 6 alhali rautar gida N ce, kuɗi ne ka ba iska.

Juya kwalin ka karanta ƙaramin rubutu kan ramin. In 10/100 ne, gudun ba zai wuce megabit casa'in da 'yan kai ba. In 10/100/1000 ne, gigabit ke nan. Kada wannan ya tsorata ka. Netflix megabit 5 suke nema don 1080p, 15 don 4K, kuma yawancin talabijin su kansu ramin 100 gare su. Wanda ya ja faiba ta MTN ko Telecel mai gudu sama da ɗari, kuma kwamfutar aiki zai haɗa, shi ne ya kamata ya dage kan gigabit. Mai rautar 4G irin TurboNet, 10/100 ta ishe shi.

Duba kan cajar. Wutar Gana volt 230 ce, soket mai ƙafa uku. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka wasu cajarsu 120 kaɗai take ɗauka. Nemi inda aka rubuta 100–240V. In cajar ba tata ba ce, tabbatar volt ɗin ya yi daidai, don sa 12 a inda ake son 9 ƙona na'ura ne. Na hannu kuwa a kunna maka a shago, a danna maɓallin mayar da ita sabuwa, ka shiga saitinta da wayarka kafin ka tura momo, wato kuɗi ta waya. Farashi yana bin dala, zagaya shago uku a Tip Toe Lane da ke Circle kafin ka ciro kuɗi, ka kuma karɓi rasit.

Saiti

Yi shi kusa da rautar gida, a zaune, kafin ka hau kujera. Kunna gadar, ka duba ƙasanta: akwai sunan waifanta, kalmar sirri, da adireshin shiga, kamar tplinkwifi.net, ko tplinkrepeater.net in busta ne. Kashe datar wayarka tukuna, in ba haka ba wayar za ta ga wannan waifan babu intanet ta koma kan layi, shafin ya ƙi buɗewa ka yi ta zargin na'ura. Shiga waifanta, buɗe adireshin, sa sabuwar kalmar sirrin shiga saiti, ka rubuta ta a takarda ka manna a ƙasan na'urar.

Zaɓi "Client". Za ta lalubo waifan da ke kusa ta jero su. Zaɓi naka, rubuta kalmar sirrin gida da kula da manya da ƙananan baƙaƙe, ka ajiye. Za ta mutu ta taso, kuma sunan waifanta zai ɓace daga wayarka. Ba lalacewa ta yi ba, haka yanayin yake. In ka yi kuskure, danna ɗan ramin "Reset" da tsinke kamar daƙiƙa goma ka sake daga farko.

Yanzu kai ta wurin da ka auna, ka ɗaure ta sama, ka soka kebul. A talabijin ko akwatin kyamara shiga saitin netwok ka zaɓi na waya, ka bar DHCP a kunne don rautar gida ta ba shi lamba. Duba lambar da ya samu. In rautarka 192.168.1.1 ce, shi ma ya fara da 192.168.1; in 192.168.8.1 ce kamar na Huawei, ya fara da 192.168.8. In ka ga ya fara da 169.254, bai samu kowa ba, koma ka duba kebul da kalmar sirri. Akwatunan kyamara da yawa masu ɗaurawa kan sa musu tsayayyar lamba da hannu, wadda ba ta dace da gidanka ba; wannan ne ya tsayar da ni rabin awa a shagon Kawu kafin na lura.

Wanda ya ja kebul kuma yake son tsohuwar rauta ta watsa waifai a can ƙarshen, ya kashe mata DHCP, ya canza lambarta zuwa wadda ba kowa a kai cikin jerin gidan, ya soka kebul ɗin a ramin LAN, ba WAN ba. Rauta biyu suna raba lamba a gida ɗaya, liman biyu ne a sahu guda.

In ta ƙi, ko ta yi ta daina

Gada ta ga sunan amma ta ƙi shiga: duba tsaron rautar gida. In an sa WPA3 zalla, wanda ya fito a 2018, tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Mayar da shi WPA2 ko haɗin biyun. Kada ka sauka zuwa WEP don na'ura ta shiga, an daɗe da fasa shi. WPS ma, maɓallin nan na haɗawa ba kalmar sirri, tun 2011 aka gano raunin lambarsa, kashe shi in ka gama. In rautar ta haɗe 2.4 da 5 a suna ɗaya kuma gadar na tsalle tsakaninsu, raba musu suna.

Kaya da yawa a bayan gada ɗaya suna da tasu matsalar. A tsarin waifai kowane mai shiga da lambar shaidarsa guda, MAC, don haka gada takan ɓoye duk na bayanta a ƙarƙashin tata. Intanet zai yi, amma wani lokaci firinta ta ɓace, ko ɗaya ya samu lamba ɗaya ya rasa. Maganin asali shi ne WDS, wata hanyar haɗa rauta da gada da ba ta ɓoye lambar kowa, sai dai yana son ɓangarorin biyu su zama na kamfani ɗaya, a kan tsayayyar tasha, kuma rautocin kamfanonin waya ba su cika zuwa da shi ba. Mafi sauƙi, sa wa kowane tsayayyar lamba da hannu, ko ka koma mesh.

Kallon kyamara daga nesa a layin 4G, kada ka wahalar da kanka da buɗe ƙofofin rauta, don kamfanonin waya galibi suna tara mutane da yawa a bayan lamba ɗaya ta waje. Bi ta manhajar kamfanin akwatin, kamar Hik-Connect, ka ɗauki hoton lambar QR. Ka kuma san kyamara ɗaya mai tura megabit 2 tana cin kusan megabait 900 a awa ɗaya na kallo, daga datar gida da ta wayar mai kallo duka. Zaɓi ƙaramin hoto a manhajar, sai in wani abu ya faru ka buɗe babba.

Sai dumso, wato ɗauke wuta. In wuta ta dawo gada takan riga rauta tashi, yawancinsu kan sake nema da kansu, wasu sai an zare an mayar. Ƙaramin batirin rauta mai fitar da volt 9 da 12 yana riƙe rautar awanni, amma in don kyamara ne, sai rauta da gada da akwatin da kyamarorin duk sun samu wuta, ɗaya ya mutu duk sun mutu.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi dawo da ni gidajen mutane. Duk ranar da aka canza kalmar sirrin gida, gada ta faɗi, don tsohuwar ta haddace. A gidan da yaran maƙwabta ke samun kalmar duk bayan mako biyu, buɗe wa baƙi da yara waifan baƙi, wanda yawancin rautoci ke da shi, shi za ka riƙa canzawa, ka bar na gadar yadda yake.

Wata uku bayan na gama wa Kawu, ya kira ni daga Kumasi, ya je ta'aziyya, wai shago ya ɓace daga wayarsa. Na hau sama na gaishe da Hajiya na tambaya ko an taɓa rautar.

"Ni na sa a canza," in ji ta. "Yaran gidan can sun cinye mana data."

Na nemi tsinke a kicin ɗinta na sauka shago, na sa yaron ya riƙe mini kujera.